Tsagar da Na Rufe da Tagulla

Ni ɗan maƙera ne, amma da ka shiga Yendi a tsakiyar shekarun tamanin ka tambayi inda maƙerin nan ɗan Salaga yake, ba wanda zai gane wanda kake nufi. Mai gyaran keke suka sani. Rumfata tana bakin tasha, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, ina liƙe tayu, ina gyara birki, ina faɗa da masu kawo keken da ya riga ya mutu su ce in tashe shi. Shekara goma sha ɗaya na yi a nan. Na bar maƙerar babana ina ɗan ashirin, ba don an kore ni ba, sai don na gaji da yin aiki a gaban mutumin da bai taɓa buɗe baki ya ce “ya yi” ba. In ka yi daidai ya yi shiru, in ka yi kuskure ya karɓe masabar daga hannunka ko kallonka bai yi ba. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya a kusa, har yau ban rabu da ita ba.

Wata ranar kasuwa, farkon damina, direban wata lori mai ɗaukar doya ya tsaya a rumfata ya ce babana yana nemana. Na ce lafiya? Ya ce lafiya lau, da idonsa ya gan shi zaune a ƙofar gida, cewa ya yi in zo akwai aiki. Na yi dariya har direban ya tsargu. Aiki? Ni? Mutumin da ko ƙusa na miƙe sai ya sake miƙe ta a bayana? Amma washegari na rufe rumfa na hau lorin Bimbila, daga can na sami ta Salaga.

Ina shiga maƙera na gane abin da ake ciki. Zugazugi sun bushe, fatarsu ta tsattsage, gizo-gizo ya yi saƙa a jikin uwar maƙera. Baba yana zaune a kan buzunsa. Ya miƙo mini hannu, hannun yana ta rawa. Yanar ido kuma ta fara rufe masa gani, yana ganin mutum a tsaye, amma sai mutumin ya yi magana yake sanin ko wane ne. Ina zuwa gida sallah-sallah, amma ban taɓa lura abin ya kai haka ba, don a zaure muke gaisawa, hannunsa yana cikin riga. Bai yi mini dogon bayani ba.

“Na yi wa kawunka alkawarin bindiga,” in ji shi. “Hannu ya ƙi. Kai za ka yi, ni zan zauna.”

Wannan kawu ba jininmu ba ne. Wani tsoho ne Bagwanje, manomi kuma maharbi, yana zaune a wani ƙauye can wajen kogi. Tun suna samari suke abota da babana, mu kuma tun muna ƙanana muke kiransa Kawu. Shi ke kawo mana doyar fari kowace shekara, da busasshen naman daji a naɗe cikin ganye. Gajere ne siriri, mai yawan dariya, kuma Hausarsa irin ta Gwanjawa ce, mace da namiji duk “ya” ne a bakinsa. Bindigar da yake riƙe da ita kakana ne ya ƙera ta, doguwa mai nauyi, ta tsufa har cikinta ya cinye, Baba ya hana shi harba ta. Birai kuwa sun gane. Wallahi biri ya san mai bindiga ya san mai sanda. Bara sun sauko daga kurmin bakin kogi sun cinye masa rabin masara yana tsaye yana jifansu da hogen ƙasa. ’Ya’yansa maza sun tafi Kumasi neman aiki, daga shi sai tsohuwarsa da jikoki. Abin da yake so ’yar ƙaramar bindigar toka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, mara nauyi, wadda tsohuwar kafaɗarsa za ta iya ɗauka. Kuma yana son ta kafin masara ta nuna.

Sai in faɗi wata al’ada ta gidanmu, don ita ce gindin labarin. Kowane maƙeri yana gwada sabuwar bindiga kafin ya ba mai ita. A ɗaure ta a jikin bishiya, a ɗaura doguwar igiya a kunamarta, kowa ya laɓe nesa, a ja. In ta fashe, bishiya ta ji ciwo. In ta tashi lafiya sau uku, shi ke nan, a miƙa wa mai ita. Haka ake yi a Yendi, haka ake yi ko’ina da na sani. A gidanmu akwai ƙari. Bayan igiya, mai maƙera da kansa zai ɗura ta, ya kafa ta a kafaɗarsa, ya ɗora kuncinsa a jikinta ya harba, sannan mai ita ya taɓa. Kakana ya yi haka, babana ya gada. A kuncinsa na dama akwai ɗigo-ɗigon baƙi da albarushi ya shiga fata tun kafin a haife ni, kuma ɗan yatsansa ɗaya guntu ne. Maƙeran Yendi da na ba su labari dariya suka yi, suka ce mutanen Salaga sun cika neman suna. Ni ma a lokacin na taya su dariyar.

Abu na farko shi ne ƙarfen da za a yi bututun. Baba ba ya yarda da kowane irin ƙarfe. Akwai wani bututu da ake cirowa daga tsofaffin lori na zamanin da, shi kaɗai yake so, kuma a duk Salaga da Yendi babu. Ya ce in tafi Bawku, akwai wani Alhaji mai sayar da tsofaffin ƙarafa a bayan kasuwar shanu, in ce ɗan maƙerin Salaga mai guntun yatsa ne. Na ce, “Haba Baba, Bawku fa? A cikin wannan ruwa?” Ya ce, “To Makka na aike ka?”

Kwana uku na yi a hanya. Daga Yendi muka bi ta Gushegu, lorin ya kafe a taɓo sau biyu, muka sauka muna turawa har da mata masu goyo. A gangaren Nakpanduri direba ya ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa, don shi kansa bai yarda da birkinsa ba. Bawku kuma ta ruɗa ni. Warin albasa, kukan shanu da jakuna, Mosawa da kekunansu, Kusasawa da kwandunan gero, ’yan Togo da atamfa da sabulu, kowa yana ciniki da irin Hausarsa. Na sami Alhajin a zaune cikin tsatsa har wuya yana cin goro. Da na faɗi wanda ya aiko ni ya miƙe tsaye, ya tambayi lafiyar tsohon, ya shiga can ƙuryar shago ya daɗe yana ture-ture. Guda ɗaya ya fito da shi. Ya ce irin lorin nan sun ƙare, wannan ma ajiye shi ya yi, in ya tafi bai san ranar da zai sake samun wani ba. Na naɗe shi a buhu, na rungume shi a cinyata har Salaga, ko a saman lori ban yarda an ɗora shi ba.

Aikin ya ɗauke mu kusan wata biyu, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsa fiye da yadda na zata. Na ɗinka wa zugazugi sabuwar fatar akuya. Kawu ya kawo gawayin ƙirya buhu biyu a kan kekensa. Da asuba in dawo daga masallaci in hura wuta, Baba ya zauna a buzunsa da ƙoƙon kokonsa, ya karkata kai gefe yana sauraro. Da kunne yake aikin. In na buga masaba ya ce, “Ya huce, mayar da shi wuta.” In duba, wallahi ya huce. In ina goga da magagari ya ce, “Kana danna gefe ɗaya.” In ce ba na dannawa, ya ce in kawo. Ya shafa da ɗan yatsa ya nuna mini wurin. Raina ya ɓaci, in koma in gyara, don ya fi ni gaskiya.

Ranar da aka auna Kawu ita na fi tunawa da daɗi. Baba bai san wani abin awo na kanti ba. Karan dawa ya sa aka kawo, ya ce Kawu ya tsaya kamar zai harbi biri. Ya lalubi kafaɗarsa, ya kafa karan a nan, ya bi hannunsa har inda ɗan yatsa ya lanƙwashe, ya karya karan a wurin. Tsawon ƙotar ke nan. Kawu yana ta dariya yana cewa cakulkuli ake yi masa.

“Tsaya mana, sarkin baka,” in ji Baba. “Kai da ka gajarce haka, ai da cokali ma aka auna ka ya isa.”

“Gajere ne, amma matana ya ce ya fi ka kyau,” in ji Kawu.

Itacen ƙotar maɗaci ne, wani gungume da Baba ya jingine a rufin maƙera shekaru yana bushewa. Na sassaƙe shi da gizago, na kankare da wuƙa, na goge da ganye mai kaushi har ya yi santsi, sannan na riƙa shafa masa man kaɗanya kullum ina shanya shi a inuwa. Ja ya fito masa mai duhu. Kunamar da ’yan ƙananan ƙarafanta su suka fi ba ni wahala, sau huɗu ina yi Baba yana jefarwa cikin kwandon tarkace. A na biyar ya ɗana ta kusa da kunnensa, ya sake, ya ce, “Hm.” Ya miƙo mini. Duk wanda ya san babana ya san wannan “hm” ba ƙaramin abu ba ne, ranar har tuwo na ƙara.

To, ga inda na yi ɓarnar. Saura aiki ɗaya na wuta a gindin bututun, wato wajen da albarushi ke zama, wajen da ke kusa da fuskar mai harbi. Ranar aka yi rasuwa a unguwa, Baba zai tafi zaman makoki. Kafin a ja hannunsa ya ce mini in na gama in binne ƙarfen cikin toka in bar shi ya huce da kansa har gobe, kada ruwa ya taɓa shi. Na ce na ji. Na gama aikin tun kafin la’asar, ya yi kyau ƙwarai. Sai na dubi ƙotar tana jingine tana ƙyalli, na dubi ƙarfen, zuciyata ta ce me zai hana in haɗa su yanzu, tsoho ya dawo ya tarar da bindiga sukutum, in ga abin da zai ce. Jiran gobe ya gagare ni. Na jira kaɗan, na ga jan ya tafi, na ce ai ya isa. Na kama shi da awartaki na tsoma a kaskon ruwa. Cikin ƙarar ruwan na ji wani ɗan sauti, ƙis, siriri. Na ce wa kaina kaskon ne.

Ba kaskon ba ne. Da safe na fita da ƙarfen hasken rana na juya shi, sai ga ta. Tsaga ce siririya kamar gashi, tsawonta bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba. In ba ka karkata shi ba ma ba za ka gan ta ba. Na sa farce, farcen ya kama. Na zauna a bakin rijiyar da ke bayan maƙera. Na san abin da ya kamata, kowane ɗan maƙera ya sani: a sare shi a jefar. Amma ina wani ƙarfen? Alhaji ya ce babu. Ko akwai, kwana shida ne zuwa da dawowa, ga wani watan na aiki, ga masarar Kawu ta riga ta fitar da gemu. Wannan shi ne abin da na riƙa faɗa wa kaina. Gaskiyar kuwa ita ce ba zan iya tsayawa gaban babana in ce na tsoma a ruwa ba. Na riga na hango shi yana miƙo hannu ya karɓe awartakin bai dube ni ba, ni da gemuna da ’ya’ya biyu a Yendi.

Sai na yi dabara. Akwai wata tsohuwar tasar tagulla a maƙera. Na yanko wani siririn yanki daga jikinta, na buga shi ya yi laushi, na naɗa shi zobe a daidai wurin, na ɗaure tam. Har na zauna na yi masa zane da bakin ƙusa, ’yan layuka masu gicciye irin na bakin ƙwarya. Na ce ai zoben ma ƙarin ƙarfi ne. Na ce tsagar a sama take, ba ta ratsa ciki ba. Na ce ai za a gwada da igiya, in za ta fashe ta fashe a can. Ba ƙaryar da ban yi wa kaina ba, kuma kowace na yi sai ta zauna daram kamar gaskiya.

Da na haɗa bindigar na kai wa Baba. Ya ɗora ta a cinya ya fara shafawa daga baki, a hankali, yatsunsa suna rawa. Ni ina tsaye ina kallonsa. Ya zo kan zoben ya dakata. Ya zagaya shi da babban yatsa, ya bi zanen layi-layi.

“Wannan fa?”

“Ado ne, Baba.”

Ya sake shafawa. Sai ya ce, “Ni ban taɓa yi wa bindiga ado ba. Kakanka yana yi. Hannunsa ka ɗauko.” Ya ɗago kai wajen da nake. “Ya yi. Aikinka ya yi.”

Shekara talatin da ɗaya ina jiran wannan magana, ta tashi zuwa ta zo a kan abin da na rufe ƙarya da shi. Na fita na tsaya a bayan maƙera, ban san ko kuka zan yi ko dariya ba. In da akwai sauran niyyar faɗa masa a zuciyata, a nan ta mutu. Yaya zan karɓi abin da na yi ta nema, in juya in mayar masa da hannuna?

Aka sa ranar gwaji, Asabar. Ranar Laraba zazzaɓi ya kwantar da Baba, ko masallaci bai iya fita ba. Ina jin kunyar faɗa, amma sai na ji sauƙi a raina. Na aika wa Kawu cewa tsoho ba shi da lafiya, mu biyu za mu je, za a yi gwajin igiya kamar yadda ake yi ko’ina, ya ɗauki bindigarsa ya tafi. Asabar da hantsi na fito da bindiga a buhu, na ɗaure igiya a bayan keke, sai na ga Baba a zaure ya sa riga da hula, sandarsa a hannu. Na ce, “Baba, ina za ka da wannan jiki?” Ya ce, “An taɓa gwada bindigar gidan nan ba na wurin?” Haka na ɗora shi a bayan keke, yana riƙe da ƙuguna, ina jin zafin jikinsa ta cikin rigata.

Akwai wata tsohuwar kaɗanya a bayan gari, nesa da gonaki, jikinta duk tabon igiya da ƙuna, a nan ake yi tun zamanin kakana. Kawu ya riga mu zuwa, yana zaune a kan tushenta da jakar albarushinsa. Na ɗura, na ɗaure bindigar a jikin bishiyar, muka koma bayan wani suri muka tsuguna. Na ja igiya. Ta tashi, tsuntsaye suka watse, farin hayaƙi ya turnuƙe gindin bishiyar. Na ruga na duba, lafiya lau, zoben ko motsi bai yi ba. Na biyu ma haka. A na uku igiyar ta zame mini, na sake kamawa na ja. Ta tashi lafiya. Kai, na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Na ce ashe duk tsorona na banza ne, ashe tsagar ba komai ba ce. Kawu yana tsalle kamar ba tsoho ba.

“Bindiga ya yi magana!” yana ta faɗa. “Biri ya shiga uku! Ɗana, Allah ya yi maka albarka.”

Na kwance ta na goge da gefen rigata. Kawu ya goge tafukansa a wando ya miƙo hannu biyu. Na juya ƙotar wajensa na miƙa masa.

“Tsaya,” in ji Baba. “Kawo nan.”

Na ce, “Baba, igiya ta isa. Sau uku fa. Ga shi ba ka da lafiya.” Kawu ma ya sa baki, ya ce a bari, shi ya yarda. Baba ya ce maƙerar tasa ce har yanzu, bai mutu ba, kuma ba abokinsa ne zai fara kai fuska inda shi bai kai ba. Ya miƙo hannu. Na ba shi. Daga baya na lura da wani abu da ban lura da shi a lokacin ba: duk maganar da na yi, ban ce a ba ni ni in harba ba.

Ya daɗe yana ɗurawa. Albarushi yana zubewa a ƙasa saboda rawar hannu, Kawu ya so ya taimaka ya ture shi. Ya danna, ya sake dannawa, ya yi bisimilla. Ya miƙa mini sandarsa in riƙe. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe ƙafa, ya ɗaga bakin bindigar sama wajen rassan kaɗanyar. Wani ikon Allah, da ƙotar ta zauna a kafaɗarsa sai rawar hannun ta ragu. Ya sunkuyar da kai ya ɗora kuncinsa. Bindigar gajera ce, an auna ta da hannun Kawu, shi kuma Baba dogo ne, don haka fuskarsa ta matsa gaba fiye da yadda ya kamata. Idonsa na dama, wanda ya fi gani da shi, yana daidai kan zoben tagullar. Na ga ɗan yatsansa yana laluben kunama.

Ban san lokacin da na yar da sandar ba. “Baba, kada ka harba! Don Allah kada ka harba! A tsage take!”

Bai firgita ba. Ya janye yatsan, ya sauke bindigar a hankali, ya mayar da kunamar wurinta. Ya ce, “Ina?” Na ce a ƙarƙashin zoben. Sai maganar ta ɓalle mini gaba ɗaya, ruwan, da sautin da na ji, da tasar tagullar. Ya nemi wuƙar Kawu. Ya zauna a tushen bishiyar ya ɗora bindigar a gwiwa, ya sa bakin wuƙar ya ɓanɓare zoben, ya bar shi ya faɗi cikin ciyawa. Ya bi wurin da farcen babban yatsa. Farcen ya kama, ya tafi, ya ci gaba da tafiya. Tsagar ta ninka tsawonta na da, harbi ukun nan sun buɗe ta. Ya kira Kawu ya kama hannunsa ya ɗora masa a wurin don shi ma ya ji.

Kawu ya shafa, ya dube ni, ya kawar da kai. Wannan mutum mai dariya, ranar na fara ganin fuskarsa ba dariya. Amma da ya buɗe baki cewa ya yi, “Ƙyale shi. Ai ya faɗa. Yaro ya ji tsoron babansa ne.” Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauki jakarsa ya rataya, ya yi wa Baba Allah ya ƙara sauƙi, ya hau kekensa ya kama hanyar ƙauye hannu wofi. A shekarar shi da tsohuwarsa da jikoki suka yi ta kwana a gona suna buga gwangwani, duk da haka birai sun ci abin da suka ci.

Muka koma gida. Baba bai shiga ɗaki ya kwanta ba, maƙera ya wuce, ya ce in hura wuta. Ya sa na cire ƙotar da kunamar na ajiye gefe, na zubar da abin da ke cikin bututun na wanke shi. Ya ce irin wannan ba a jefar da shi ɗungum, wani zai tsinta ya ɗaura masa itace. Sai an sare shi gunduwa-gunduwa. Shi ya riƙe awartakin da hannu biyu, ni na riƙe masaba. Ƙarfen da na rungumo daga Bawku, na yi wata biyu ina lallaɓa shi, haka na riƙa saransa yana faɗuwa a ƙasa. Ina jira ya yi faɗa, ina jira ya ce in koma wajen kekunana. Bai ce ba. Da muka kai gunduwa ta ƙarshe, mai tsagar, ya ce in dakata.

“Zan tambaye ka abu ɗaya,” in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. “Ka yi ihu don fuskata ce a wurin. Na ji, na gode. Da kawunka ne ya kai tasa fuskar, da ka yi ihun?”

Na buɗe baki in ce ƙwarai kuwa, maganar ta ƙi fita. Ya jira ni. Wutar tana ta cin gawayi, ƙarfen yana hucewa a bakin awartaki. Da ya ga ba amsa ya ce, “Sare.” Na sare.

Bai sake tayar da maganar ba har Allah ya karɓi ransa bayan wasu shekaru, kuma bai taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Ni ne ban bar ta ba. Na yi shekaru ina juya tambayar, ina neman hanyar da zan bi in ce da na yi ihu, da zuciyata ba za ta bari ba, da ko a hanya ne zan bi shi in karɓo. Ina so ƙwarai in yarda da haka. Amma ba sai an yi dogon bincike ba, ina wurin, na san abin da ya faru. Kawu, mutumin nan da ya goya ni ina ƙarami, ya riga ya miƙo hannu biyu, ni kuma na riga na juya masa ƙotar ina miƙa masa, har da murmushina.